Man da Na Hana Ta

Shekara goma sha tara na yi ina gyaran kafireto, abin da ke haɗa wa injin mota mai da iska, a gindin wata bedi kusa da tashar Batsari. Ban yi boko mai nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, amma in mota ta shigo tana tari, kafin direba ya kashe ta na san abin da ke damunta. Kayan aikina sukurdireba ce da kunne. Ka kama sukurun mai ka riƙa juyawa a hankali, kana ragewa, har injin ya fara rawa kamar zai mutu, sai ka mayar da rabin juyi. Shi ke nan. Haka maigidana ya koya mini, kuma da haka na ci abinci har motocin kafireto suka fara ƙarewa, gari ya cika da masu injekta, waɗanda ba sa faɗin ciwonsu sai an jona musu kwamfuta. Na wayi gari ina zaune a benci ina kallon babura suna wucewa.

Yayana, wanda nake bi, bai taɓa barin ƙauyenmu ba, can gefen Babban Duhu. Shi ke riƙe da gonar tsohonmu da shanun huɗa biyu da ya bar mana. Shekarar da aka kore garken maƙwabtanmu da rana tsaka, ya hawo babur ya same ni a bencin nan. Muka gaisa, gajiya, iyali, ruwa, mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce:

"Shanun ga zan kai kasuwa. In ban saida su ba, wasu za su zo su ɗauka kyauta, su haɗa da ni. Kai ka san mota. Ka nemi wadda za ka riƙa lodi da ita, gida biyu mu ci."

Na ce, "Yaya, huɗar fa?"

Ya ce, "Da hannu. Da can da mi aka yi?"

To ka ji abin da aka sayi motar da shi. Bayan shanun nan, ni da shi ba mu da wani abu da za a sake kaiwa kasuwa.

Wagon ce tsohuwa, 'yar Beljiyam, wani ma'aikaci a Safana ya gaji da ita. Doguwa, bayanta na cin buhu huɗu ba a kwantar da kujera ba. Kuma tana da turbo. Ga wanda bai sani ba, turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta riƙa cusa wa inji iska da ƙarfi. In ka taka totur sosai sai ka ji wani siririn fito, motar ta danna ka cikin kujera. Ranar da na shigo da ita tasha, wani taubashina da ke jan bas zuwa Katsina ya zagaya ta sau biyu yana riƙe da haɓa.

"Kai, taubashi, jirgin sama ka sayo mana? Ina filin saukarsa?"

Na ce, "Ran da ka hango ni a madubi, ka matsa gefe kawai."

"Ran da wayarta ɗaya ta tsinke kuma, ka zo in ara maka jaki."

Ni na san dalilina. Hanyar Safana a shekarun nan ba ta mota mai nawa ba ce. Akwai wuraren da ba a rage gudu, ko fitsari ya matse ka.

Wata huɗu tana aiki lafiya. Wata safiya batir ya yi sanyi, wani mai riwaya, wato mai gyaran wayoyin mota, ya zo tayar mini da ita, ya juya wayoyin, ja a wurin baƙi. Na ji ƙauri ya taso daga ƙarƙashin dashbod. Burenbos, wato akwatin da ke ƙayyade wa inji man da zai sha, ya ƙone. Na nema a Katsina, na aika Kano, babu irinsa. Daga baya aka kwatanta mini wani mutum a Katsina, kowa Injiniya yake ce masa. Ya gama jami'a bai sami aiki ba, ya buɗe rumfa yana lalubar wayoyin motoci. Taubashina ya ja ni da igiya har can, yana tafe yana waƙa.

Injiniya ya ce a manta da na asali. Akwai akwati na kasuwa, wanda ba kamfanin motar ya ƙera ba, kuma fanko yake zuwa, ba ya sanin komai sai abin da ka rubuta masa. Kwana uku ya yi yana haɗa wayoyi. Rana ta huɗu ya ce in hau in ja, shi yana gefena da kwamfuta a cinya. Muka yi ta kai da kawowa a titin bayan gari, in taka, in saki, in taka, yana danne-danne. A fuskar kwamfutar akwai gidaje-gidaje kamar na dara, kowanne da lamba a ciki.

"Baba, duba nan," in ji shi. Baba yake ce mini, alhali ban haife shi ba. "Waɗannan na ƙasa, man da take sha ne in kana tafiya a hankali. Waɗannan na sama, in turbo ya shiga. Kowane gida da nasa."

Ya liƙa wani ɗan agogo kusa da sitiyari mai nuna lamba.

"Babbar lamba, mai kaɗan. Ƙaramar lamba, mai da yawa. In kana tafiyarka a hankali ka ga sha huɗu ko sha biyar, ba laifi. Amma in ka taka ta ka ji fiton nan, dole ta sauko sha ɗaya ko sha biyu. A wurin nan rarar man ita ke sanyaya fistin. In ka gan ta a sha huɗu kana cikin takawa, ɗaga ƙafarka, ko wa ke bin ka."

Sannan ya ba ni wani ɗan allo mai maɓalli huɗu, kamar ƙaramar waya, da igiyar da ake jona wa akwatin.

"Wannan don in wani abu ya taso, ka kira ni in gaya maka abin da za ka danna. Kada ka taɓa shi kai kaɗai."

Na ce, "Tun kana goye nake saita mai."

Ya ce, "Na sani, Baba. Shi ya sa nake gaya maka."

Na dawo da ita Batsari da ƙafarta. Gaskiya ya iya aiki, motar ta fi da tashi. Tana shan mai, amma lodi na biya. Rogo zuwa Safana, gyaɗa da gero a dawowa, fasinja a kujeru. Duk sati ina aika wa Yaya abin da ya samu. A wannan lokacin har na fara tunanin a sake sayen ɗan maraƙi.

Sai lokacin nan ya zo da aka yanke layukan waya a yankinmu, aka hana sayar da fetur a jarka, aka ƙayyade abin da za a zuba wa kowace mota. Ban ce hukuma ba ta da dalili ba, 'yan daji ma da mai da waya suke aiki. Amma 'yan bumburutun da muke rufa asiri da su suka ɓace daga bakin titi. Ka shiga layin gidan mai da hantsi ka fito bayan azahar, da ɗan abin da aka zuba maka. Bas ɗin taubashina na zuwa Katsina da shi ta dawo har da ragowa. Tawa Safana sau ɗaya, ta dawo allura na kwance.

Maiɗakina ta ce, "Malam, tunda motar nan ta fi mu ci, ka kai tabarmarka wurinta mana."

A tasha kuma taubashi na cewa, "A matsa, ga mai jirgi zai je ya sha mai ya dawo."

Wata safiya na buɗe aljihun dashbod na ɗauko ɗan allon nan. Na jona shi. Turanci ne, ina tsintar wani in bar wani. Na yi ta dannawa ina wuce gidajen darar nan, ban taɓa su ba, don ban san kansu ba. Can na faɗa wani shafi mai lamba guda ɗaya tak. Na danna ƙasa sau ɗaya, na ji muryar injin ta ɗan canja. Na sake dannawa, ta ƙara canjawa. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Na ce ashe duk karatun nan, sukuru ne aka ɓoye a cikin akwati.

Na yi yadda na saba. Na yi ta ragewa har ta fara rawa kamar za ta mutu, na mayar da danni biyu. Na zagaya baya na sa hanci a salansa, warin ɗanyen man nan babu shi. Na bar ta ta yi zafi, na kwance filogi, na ga bakinsa ya tashi daga baƙi ya koma kalar gasasshiyar gyaɗa. Duk wani makaniken zamaninmu da ka nuna wa filogin nan zai ce aiki ya yi. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, duk wannan a tsaye na yi shi, mota ba kaya, ƙafa ba ta kan totur. Lambar nan guda ɗaya kuwa ba gida ɗaya take ragewa ba. Duka take ragewa, na ƙasa da na sama.

Na gwada ta zuwa Safana. Agogon na nuna sha biyar, wani lokaci sha shida. Na tuna Injiniya ya ce sha biyar ba laifi. Rabin maganarsa na riƙe, rabin da ya yi mini daɗi. Kuma a lokacin duk direban da ke hanyar nan da yatsan ƙafa yake tuƙi. A gangara a cire giya a saka firi, wasu ma su kashe inji. Ko a wuraren da ba a rage gudu, tun daga nesa nake ɗauko guduna a hankali in bar ta ta wuce da kanta. Sati biyar ban ji fiton turbo ba ko sau ɗaya. Man da da yake kai ni sau ɗaya ya koma kai ni sau ɗaya da rabi, in na haɗa na kwana biyu in yi sawu uku.

Taubashi ya lura. Ya ce, "Wane malami ya yi wa jirgin naka tofi?"

Na ce, "Malamin da ya tsaya a aji biyu."

Na yi ta yawo da kaina a sama. Ni da aka ajiye a benci, ga shi na gyara abin da ɗan jami'a ya kasa.

Ana cikin kaka wani mutumin ƙauyenmu ya zo kasuwa ya kawo mini saƙon baka daga Yaya, tunda ba waya. An ƙone rumbuna a ƙauyen da ke yamma da mu. In zo in kwashe gyaɗar, kada ta ƙara kwana uku a gida.

Na isa da hantsi. Ba a gama ɗurawa a buhu ba, sai da muka sa hannu duka. Buhu takwas na gyaɗa, biyu na gero. Muka kwantar da kujerun baya, muka cika, sauran muka ɗaure a sama da igiya. Motar ta zauna har taya na neman taɓa jiki. Muka yi azahar, Yaya ya shiga gaba don shi zai sayar da kayansa da kansa. Rana na dukan ƙarfe, in ka taɓa ƙofa sai ka janye hannu. So nake mu hau kwalta kafin la'asar, don bayan la'asar ba mai hankalin da ke bin hanyar.

Akwai wani rafi a tsakani, busasshe, yashi ne zalla, daga shi sai hawa mai tsawo. Dawa ba a yanke ba, ta rufe hagu da dama, ba ka ganin komai sai abin da ke gabanka da abin da ke madubi. Muna fitowa daga yashin na duba madubi. Babura uku sun fito daga cikin dawa, kowanne da mutum biyu, da abu a rataye a kafaɗa.

Yaya ya waiwaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Taka ta."

Na taka har ƙasa. Fiton ya taso, motar ta yunƙura da kayanta. Ba a yi nisa ba na ji wata ƙara a cikin injin, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Na san ƙarar nan. Shekara goma sha tara na san ta. Na saci kallon agogon, sha biyar, yana ƙifta jar wuta. A nan take duk maganar Injiniya ta dawo mini, har da rabin da na yar. Ɗan allon yana nan cikin aljihun dashbod, gaban gwiwar Yaya. Da zan sami minti ɗaya in tsaya in jona shi in danna sama, da an wuce wurin. Na duba madubi, suna nan, sun ma ƙara wuta.

Yaya na cewa, "Kada ka saki. Kada ka saki, don Allah."

Ban saki ba. Ina jin tana cin kanta a ƙarƙashin ƙafata, na ci gaba da dannewa. Mun kusa ƙarshen hawan ƙarfinta ya faɗi lokaci ɗaya, ta fara fizga, hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe bayanmu har baburan suka ɓace a cikinsa. Wani abu ya buga a ciki, sau ɗaya. Ta gangara da kanta ta tsaya a gindin wata tsamiya.

Yaya ya fara salati. Ni na riƙe sitiyari da hannu biyu ina jira.

Suka iso suka kewaye mu. Na gabansu ya sauka, ya leƙo ta taga, bindigar toka a kafaɗarsa, layu a damtse. 'Yan sintirin ƙauyen gaba ne, Yaya ya san uban ɗaya daga cikinsu.

"Sannunku, Baba. Mun ga kun ɗauko kaya ku kaɗai, muka ce bari mu raka ku bakin titi. Kai kuwa direba, wane irin gudu ne wanga? Muna ta ɗaga maka hannu."

Su suka tura ta da mu har kwalta. Su suka tsayar da wata a-kori-kura ta kwashi gyaɗar da Yaya. Washegari taubashina ya zo da igiya. Tun daga can har Batsari bai yi waƙa ba, bai tsokane ni ba. Da muka iso ya kwance igiyarsa, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya tafi. Da ya zage ni ya fi mini.

Ni na buɗe injin da hannuna. Fistin na uku ya huje a tsakiya, babban yatsana na shiga. Gefen ramin ya narke kamar dalma. Ɓurɓushin ya karce bangon silinda, wani ya bi ta salansa ya kakkarya fuka-fukan turbo. Na sa fistin ɗin a leda, na cire akwatin, na shiga bas zuwa Katsina.

Injiniya ya juya fistin ɗin a hannunsa. Ya jona akwatin a kwamfutarsa, ya tafi kai tsaye shafin nan mai lamba ɗaya.

"Baba, wa ya taɓa nan?"

Na ce, "Mai ya yi wuya."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Da na ƙasan kawai aka rage, inda kake tafiya a hankali, aka bar na sama yadda suke, da ka sami sauƙin man nan duka kuma injinka na nan. Aikin minti goma ne."

"Da wace wayar zan kira ka?"

"Da ka shigo bas ka zo, yadda ka zo yau."

Taubashina kullum sai ya zo Katsina, kujerar gaba kyauta zai ba ni. Ban zo ba ne don ba na so in tsaya gaban wanda na girma in ce ban iya ba.

Ya ce akwatin lafiyarsa lau, ko ƙwarzane bai yi ba. In na sami wani injin in kawo, zai ɗaura mini ba sai na biya aikin hannu ba. Ya yi tambaya a Kano, daga baya ya yi a Legas. An samu guda ɗaya. Da ya faɗi kuɗin da suke nema, na yi masa godiya na fito.

Yaya bai taɓa tambayata abin da ya faru a cikin injin ba. A wurinsa motar gudun ceton rai ta yi ta mutu, kuma ko da 'yan sintiri ne, ai ba mu sani ba. Ya gaya wa mutanen ƙauye haka, har suna yi mini sannu da ƙoƙari. Na bar shi a kan haka. Duk damina yana duƙe da fartanya, shi da matarsa, rabin gonar ma ya bar ta ga ciyawa don ta yi kusa da daji. In na je gaishe shi yakan ce, "Ya labarin injin?" In ce ana nan ana nema.

Ba a neman komai. Motar tana bayan gidan da nake haya, a kan duwatsu. Tayoyin na fara sayarwa, da azumi. Na ce ai taya abin sakewa ne, ran da inji ya zo a sayi wasu. Sai batir. Sai kujerun baya, wani mai shayi ya saya ya ajiye wa masu zama. Sai lagireto, sai fitilun gaba. Da ɗiyata ta kwanta zazzaɓi, ƙofofin hagu biyu suka tafi. Kowane ɗaya in na kwance shi sai in gaya wa kaina wannan ne na ƙarshe.

Yanzu kamasho nake a tasha, ina kiran fasinja ga motocin wasu. Katsina mutum ɗaya, Safana mutum biyu. Muryata ta dace da aikin. Jiya wani mutum daga Safana ya same ni, ya ce an gaya masa ina da giyabos irin na motarsa. Na kai shi ya gani, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya ce zai dawo ranar kasuwa da makanikensa. In giyabos ya fita, abin da ya rage kwango ne, sai 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Na ce masa ya zo da wuri, kuma ya taho da jak, nawa na sayar.